Zuwa ga Edita: Gaskiyar Maganar Fasfon Italiya ta Hanyar Gadon Jini

Assalamu alaikum. Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in yi bayani kan wata magana da ke yawo a wayoyin matasanmu a nan Sakkwato, har Zamfara da Kebbi, wai duk wanda ya nuna yana da jinin Italiya, ko da ta wajen kakan kakansa ne, za a ba shi fasfon ƙasar. Masu yaɗa ta sukan haɗa da lambar waya da alkawarin za su "haɗa maka takardu". Maganar tana da tushe, amma tsohon zance ne, domin an sauya dokar tun 2025, kuma ko kafin sauyin ba haka abin yake tafiya ba. Abin da ya fi damuna shi ne 'yan ƙalilan ɗin da ke da haƙƙi na gaske a cikinmu su ne ba su san da shi ba, ko sun sani amma ba su san ta inda za su kama ba, ga lokaci yana ƙure musu.

Italiya ba ta bin wurin haihuwa wajen sanin ɗan ƙasarta, jini take bi. Dokar da ake aiki da ita ita ce mai lamba 91 ta ranar 5 ga Fabrairu 1992, wadda ta ce duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan Italiya ne, to shi ma ɗan Italiya ne tun daga haihuwa, ko a ina aka haife shi. Saboda haka wanda ya bi wannan hanya ba roƙo yake a ba shi ƙasa ba, nema yake hukuma ta tabbatar da abin da doka ta riga ta ba shi. Shi ya sa ba a yi masa jarrabawar harshen Italiyanci, ba a tambayarsa kuɗin da ke asusunsa, ba a kuma ce sai ya taɓa zama a can. Abu ɗaya ake nema, a ga sarƙar nasaba a rubuce, daga wanda aka haifa ɗan Italiya har zuwa kan mai nema, ba tare da ta tsinke a tsakani ba.

A da sarƙar ba ta da iyakar tsawo. Muddin kakan da ake dogara da shi ya rayu har bayan 17 ga Maris 1861, ranar da aka kafa masarautar Italiya, zuriyarsa na iya nema ko da sun kai hawa biyar. Da wannan ne jikokin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Ajantina da Brazil da Amurka suka yi ta tururuwa. Ministan harkokin wajen Italiya, Antonio Tajani, ya ce daga 2014 zuwa 2024 yawan 'yan ƙasar da ke zaune a waje ya tashi daga miliyan 4.6 zuwa miliyan 6.4. A kan haka gwamnati ta fitar da dokar gaggawa mai lamba 36 ranar 28 ga Maris 2025, majalisa ta mayar da ita doka mai lamba 74 a watan Mayu na shekarar. Yanzu wanda aka haifa a waje, kuma yana riƙe da wata ƙasa, ba a ƙirga shi ɗan Italiya sai in ya cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa biyu. Na farko, a samu a cikin iyayensa ko kakanninsa wanda Italiya kaɗai ce ƙasarsa, ko ita kaɗai ce ƙasarsa ranar da ya rasu. Na biyu, uwarsa ko ubansa ya kasance ya zauna a Italiya shekara 2 a jere yana ɗan ƙasa kafin a haifi mai neman. An keɓe waɗanda suka riga suka shigar da takardunsu, ko aka riga aka sa musu rana, kafin ƙarfe 12 na daren 27 ga Maris 2025 agogon Rum, su tsohuwar doka ce ke kansu. Don haka duk wanda ya ce maka zai nemo maka wani kakan kaka daga ƙarni na 19, to ka san cinikin biri a sama yake so ya yi da kai.

Su waye ke nan abin ya shafa a wannan yanki? Dattawanmu sun san amsar. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina dam ɗin Bakolori kusa da Talata Mafara daga 1974 zuwa 1978, lokacin yankin yana cikin Jihar Arewa maso Yamma, daga 1976 kuma tsohuwar Jihar Sakkwato. Kafin nan Impregilo ya gina dam ɗin Kainji tsakanin 1964 da 1968. Ga kamfanonin hanyoyi da gine-gine irin su Borini Prono da Cappa and D'Alberto, ga Agip a harkar mai. Akwai ma wani ƙaramin gari a arewacin Italiya da ake kira Roasio, wanda mutanensa suka shahara da zuwa aikin gini a Nijeriya da Ghana tun zamanin Turawan mulki. Injiniyoyi da makanikai da direbobin manyan injuna sun yi shekaru a tsakaninmu, wasu sun musulunta sun yi aure, wasu sun haihu, aiki ya ƙare suka koma gida. Akwai kuma 'yan'uwanmu da suka je karatu ko kasuwanci Italiya suka auro matan can. 'Ya'yan waɗannan da jikokinsu su ne masu maganar. Sabuwar dokar da ta rufe wa miliyoyin mutanen Kudancin Amurka ƙofa ba ta rufe musu ba, domin makaniken da aka haifa a Italiya, ya girma a can, ya zo Mafara da fasfonsa guda, ya cika sharaɗin farko ya kuma cika na biyu. Ɗansa ya shiga, jikansa ma ya shiga. A kan tattaɓa-kunne ne ƙofar take rufewa.

Amma a nan ne gizo ke saƙar. Hukumar Italiya ba ta duban launin fata ko laushin gashi, ba ta karɓar cewa duk unguwa ta san ɗan Bature ne. Tambayarta ita ce, a idon doka, wane ne ubanka?

In an ɗaura aure tsakanin iyayen kuma akwai shaidarsa a rubuce, abin ya zo da sauƙi, domin ɗan da aka haifa cikin aure doka tana ɗaukar na mijin ne. Italiya tana amincewa da auren da aka ƙulla bisa ƙa'idar ƙasar da aka ɗaura shi, saboda haka auren Musulunci da aka ɗaura da waliyyi da sadaki da shaidu ba abin yarwa ba ne. Matsalar ita ce a shekarun 1970 wa ke karɓar takarda bayan ɗaurin aure? An raba goro, an yi fatiha, an watse. Yau sai a koma kotun shari'a da shaidun da suka rage a nemi takardar tabbatarwa, kuma takardar da aka yi bayan shekara 40 ba ta da nauyin wadda aka yi a ranar, sai an tallafa mata da wasu hujjoji. Sannan ga abin da ya fi ba da wahala: mutumin ya musulunta an sa masa Yusuf ko Abdullahi, da wannan sunan aka ɗaura auren, da shi kowa ya san shi, alhali a fasfonsa da rajistar garinsu Giuseppe ne ko Antonio, da sunan zuriyarsu a biye. Ma'aikacin da ke zaune a Italiya ba shi da hanyar sanin Malam Yusuf na takardarka shi ne mutumin da ke cikin littafinsa. Dole a samo abin da ya haɗa sunayen biyu, kamar takardar musulunta in an ba shi, ko katin aikinsa na kamfani, ko wasiƙar da ya rubuto da hannunsa ya sa hannu. Haka kuma in yana da mata a Italiya lokacin da ya yi aure a nan, ba za su rubuta auren na biyu ba, domin dokarsu ta hana mace fiye da ɗaya. Wannan bai kashe haƙƙin ɗan ba, sai dai ya mayar da shi layin waɗanda sai uban ya amsa su da kansa.

Amsa ɗa a dokar Italiya aiki ne mai ƙa'ida, ba faɗar baki ba. Uban ne zai bayyana da kansa lokacin rajistar haihuwa, ko ya je gaban jami'in rajista ko ofishin jakadanci daga baya, ko ya rubuta a takardar hukuma, ko a cikin wasiyyarsa. In uwa ce kaɗai ta je ta ba da sunan uba aka rubuta, ko kai da kanka ka je da girmanka ka faɗi sunansa aka buga maka takarda, wannan ba amsawa ba ce, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa suna mamakin dalili, ga sunan Bature ɓaro-ɓaro a takarda amma an ƙi karɓa. Abin da ake dubawa shi ne wanda ya kai rahoton haihuwar da wanda ya sa hannu.

Lokacin da aka yi amsawar ma yana da tasiri. In uban ya amsa ɗan tun yana ƙarami, ɗan ya zama ɗan Italiya kai tsaye. In kuwa sai da ya girma aka amsa shi, ko kotu ta tabbatar, to sashe na 2 na dokar 1992 ya ba shi shekara 1 tak daga ranar ya je ya furta a hukumance cewa ya zaɓi zama ɗan Italiya. Wanda ya yi sake shekarar ta wuce yana murna yana zaton an gama, ya rasa wannan damar. Kuma 'ya'yan da ya haifa kafin ranar furucin ba a ɗauka sun shiga tare da shi haka kawai, lamarinsu daban ne, sai lauya ya duba.

In uban ya ƙi, ko ya rasu bai amsa ba, saura kotu. Dokar zamantakewa ta Italiya, sashe na 269 zuwa gaba, ta ba ɗa damar neman kotu ta tabbatar da ubansa, kuma wannan dama ba ta da wa'adi muddin ɗan yana raye. In ɗan ya rasu bai shigar da ƙara ba, 'ya'yansa suna da shekara 2 daga rasuwarsa su shigar. In uban ne ya rasu, magadansa ake kai wa sammaci. Dokar ta faɗa ƙarara cewa maganar uwa kaɗai, ko shaidar cewa suna tare a lokacin da aka sami cikin, ba su isa hujja ba. Gwajin jini na DNA shi ne ke yanke magana, kuma kotu ce ke naɗa wanda zai yi shi. Gwajin da ka biya kuɗi aka yi maka a wani ɗakin gwaji a Legas ko Abuja zai iya ƙarfafa maka gwiwa, amma ba shi zai maye gurbin na kotu ba. In wanda ake ƙara ya ƙi ba da jininsa ba tare da dalili ba, alƙali yana da ikon ƙirga ƙin nan a cikin hujjojin da ke kansa. Sai dai mai shiga wannan hanya ya shirya wa turjiya, domin tabbatar da nasaba yana jawo rabon gado, tunda daga 2012 dokar Italiya ta daidaita ɗan aure da wanda ba na aure ba. 'Yan'uban da ke can suna iya ɗaukar lauya su ja, shari'ar ta ɗauki shekaru.

Akwai wani tarko da ya shafi al'adarmu kai tsaye. Bature ya tafi, uwa ta koma gidansu ko ta sake aure, yaro ya tashi a hannun kawunsa ko mijin uwarsa. Ranar sa shi makaranta, don a rufa asiri ko don sauƙi, sai a rubuta sunan mai riƙonsa a matsayin uba. Da wannan sunan ya yi firamare, ya yi jarrabawar WAEC, ya yi katin NIN da BVN, ya yi fasfo. Alheri ne aka yi masa, Allah Ya saka wa waɗanda suka riƙe shi. Amma sashe na 253 na dokar zamantakewa ta Italiya ya hana a amsa ɗan da takarda ta riga ta ba wani uba. Ko da Baturen yana raye yana kuka yana cewa ɗansa ne, ba za a rubuta ba sai an fara warware na farkon a kotu an gyara rajistar haihuwa. Wannan ba aikin rana ɗaya ba ne, kuma ba aikin da ake yi a bayan idon dangi ba ne. Ina ganin wajibi ne mai wannan niyya ya fara zama da mahaifiyarsa da wanda ya riƙe shi, cikin ladabi da sutura, kafin ya taka ƙofar kowane ofis. Hukuncin nasaba da gado a shari'armu daban yake da na dokar Italiya, wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malamai, kada neman fasfo ya sa a tona abin da zai zubar da mutuncin tsohuwa a ƙarshen rayuwarta ba da yardarta ba.

Wanda ya tsallake wannan, sai tattara takardu. Shawarata a fara da tambaya mafi arha: a rubuta wa ofishin jakadancin Italiya a tambaya ko uban ya taɓa yi wa yaron rajista a lokacin. Wasu sun yi, iyali ba su sani ba. In an samu haka, sunanka yana nan a littafin garinsu, aikin da ya rage sabunta bayanai ne kawai da neman fasfo.

In babu, ana buƙatar cikakkiyar takardar haihuwar uban ko kakan daga ƙaramar hukumar da aka haife shi, wadda suke kira comune, mai ɗauke da sunayen iyayensa da bayanan da ake ƙarawa a gefe na aure ko mutuwa ko barin ƙasa. Italiya ba ta da rumbu guda da za ka ba da suna a nemo maka mutum, kowane gari da littafinsa, garuruwan kuma sun doshi 8,000. Saboda haka "daga Milan yake" ba ta wadatar ba, sau da yawa mutum yakan ambaci babban birnin da ke kusa da ƙauyensu ne don shi aka sani. A binciki tsohuwar adaka: ambulan ɗin wasiƙa mai hatimin gidan waya da adireshi a baya, hoto mai rubutu a bayansa, tsohon lasin tuƙi, katin asibitin kamfani, takardar aiko da kuɗi. Cikakken suna yadda ake rubuta shi, da ranar haihuwa, da sunan gari, su ne mabuɗin. Bayan wannan sai takardar aurensa, da ta mutuwarsa in ya rasu, da shaidar cewa bai taɓa karɓar zama ɗan Nijeriya ba, wadda ake nema a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a Abuja. Dalilin wannan ta ƙarshen shi ne, kafin 16 ga Agusta 1992, duk ɗan Italiyan da ya karɓi wata ƙasa da son ransa ya rasa tasa, ɗan da ya haifa bayan nan kuma bai gaji komai ba. In mutumin ya yi zama a wata ƙasa kafin ya zo nan ko bayan ya tafi, ana iya neman irin wannan shaida daga can ma, tunda sabon sharaɗin ya ce Italiya kaɗai.

Ta ɓangarenmu, ana son takardar haihuwar kowane mutum da ke cikin sarƙar, da ta aure, da ta saki in an yi. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke da hurumin rajistar haihuwa tun dokar Nijeriya ta 1992. Wanda aka haifa kafin nan, in yana da tsohuwar takardar asibiti ko ta ƙaramar hukuma, ya riƙe ta da kyau komai tsufanta da yagewarta, kada ya kai a manne ta da roba, domin takardar da aka rufe da roba ba a iya buga mata hatimi, ba a kuma iya tantance ta. Wanda ba shi da ita, sai ya yi rantsuwar shekaru a babbar kotu, ya kai hukumar ƙidaya ta ba shi takardar tabbatar da haihuwa.

Sannan a zauna a baje takardun duka a kan tabarma a karanta su harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, Muh'd a ta uku. Wata ta sa Mafara a matsayin sunan ƙarshe, wata ta sa sunan kaka. Ranar haihuwa 1 ga Janairu a katin ɗan ƙasa, wata rana daban a takardar asibiti. Wanda ya rage shekara 3 don neman aikin gwamnati, yanzu takardarsa tana cewa an haife shi a 1981, alhali uban da yake iƙirari ya bar Nijeriya a 1978. Mu a nan mun saba da irin wannan, ba ma ɗaukarsa komai, su kuwa a wurinsu mutum biyu ne daban, ko kuma alamar ƙarya. A gyara tun kafin a kai, ta hanyar kotu da hukumar da ta ba da takardar, a kuma riƙe shaidar gyaran. Tara takardun rantsuwa barkatai, kowace tana gyara 'yar'uwarta, ƙara jawo zargi yake yi.

Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ke sa hatimi guda ya wadatar, don haka takardunmu sai sun bi dogon zango. Za a kai asalin takarda Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tabbatar da ita, a fassara ta zuwa Italiyanci a hannun mai fassarar da ofishin jakadancin ya yarda da shi, sannan ofishin ya buga nasa hatimin a kan asalin da fassarar. Kowane mataki da kuɗinsa, kuma in aka gano kuskure a ƙarshe, daga farko ake sakewa. Suna da ikon aikawa a bincika har ofishin da takardar ta fito. Italiya tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, kowanne da jihohin da ke ƙarƙashinsa, a duba shafinsu na intanet a ga inda jiharka ta faɗa da jerin abin da suke so a lokacin, kuma za a nemi shaidar cewa a nan kake zaune. Ana kama layi ta manhajarsu mai suna Prenot@mi, kuma kama layin kyauta ne. Kuɗin duba takardun babba guda Yuro 600 ne tun 1 ga Janairu 2025, a da 300 ne, kuma ba a mayarwa ko an ƙi ka. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum kada ya kai takardun da bai gama tacewa ba. Ƙa'idar da ake bi a 2025 ta ba su har kwana 730 su ba da amsa, saboda haka wanda ya yi maka alkawarin wata 3 ba gaskiya yake faɗa ba.

In an amince, za a aika takardar haihuwarka a rubuta ta a comune, a sa ka a rajistar 'yan ƙasa mazauna waje da ake kira AIRE, sannan ka nemi fasfo, kuɗinsa wajen Yuro 116, yana aiki shekara 10 ga babba. Da shi kana iya zama da aiki da karatu a ƙasashe 27 na Tarayyar Turai. Italiya ba ta karɓar harajin abin da ka samu a nan don kawai kana riƙe da fasfonta, mazauninta take bi, aikin soja na dole kuma an dakatar da shi tun 2005. Amma fasfo ba albashi ba ne, ba a ba da gida ko kuɗin wata saboda shi, wanda ba ya jin harshen kuma ba shi da sana'a zai sha wuya a can ko da jar takardar a aljihunsa. Masu ƙananan yara su tambayi matsayin 'ya'yansu a ranar da aka amince da su, kada su jinkirta, domin sabuwar doka ta sa wa'adi ga wasu yaran da sai iyaye sun furta musu.

Ta fuskar Nijeriya babu fargaba ga wanda ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a nan bayan samun 'yancin kai, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Nijeriya ne, to ɗan ƙasa ne, sashe na 28 kuma ya bar wa irinsa damar riƙe wata ƙasa. Ya riƙa shiga da fita Nijeriya da koren fasfonsa, kuma ya sani muddin yana nan gida, hukuma ɗan Nijeriya take ɗaukarsa.

Akwai masu ruɗa wannan hanya da wasu. Wanda kakansa ya fito daga Turabulus ko Gadamas zamanin da Italiya ke mulkin Libiya ba ya ciki, domin matsayin da aka ba mutanen ƙasar a lokacin ba irin na 'yan Italiya ba ne, ba a kuma gadonsa. Yaron da iyayensa 'yan Nijeriya suka haifa a Italiya shi ma bai zama ɗan ƙasa da haihuwa ba, sai ya zauna can bisa ƙa'ida ba yankewa har ya cika 18, sannan ya nema kafin ya cika 19. Mai auren ɗan ƙasar yana jiran shekara 2 in suna can, 3 in suna waje, rabin haka in sun haihu, kuma sai ya ci jarrabawar harshen Italiyanci matakin tsakiya da ake kira B1. Baƙon da ba ɗan Turai ba shekara 10 ake nema ya zauna, ƙuri'ar raba-gardamar da aka yi a watan Yuni 2025 don a mayar da ita 5 ba ta yi nasara ba saboda ƙarancin masu fitowa. Sai dai wanda uwarsa ko ubansa ko kakansa haifaffen ɗan Italiya ne, amma sarƙarsa ta tsinke, an rage masa zuwa shekara 2.

Game da dillalai, ba na cewa kada a nemi taimako. Shari'ar nasaba ba ta yiwuwa sai da lauyan da ke da rajista a Italiya, kuma ana iya tantance sunansa a jerin ƙungiyar lauyoyin garin da ya ce yana aiki. A nemi yarjejeniya a rubuce, a biya kashi-kashi, kada a miƙa asalin takarda ga kowa sai an riƙe kwafi da rasit. Amma wanda ya ce zai ƙirƙiro maka uba ko kaka, ko yana da mutum a ciki, a guje shi. Takardar jabu laifi ce a ƙasashen biyu, ko an ba ka ƙasar ana soke ta ranar da aka gano, kuma kowace ƙarya da aka kama tana ƙara tsananta bincike a kan mai gaskiyar da zai zo bayanka da tsohuwar wasiƙar ubansa.

Mutumin da yake da shekara 30 a Bakolori a 1976 yau yana bakin 80. In yana raye kuma ya yarda, zuwansa gaban jami'in rajista sau ɗaya ya ɗauke wa ɗansa shari'ar shekaru da magada. Shaidun ɗaurin auren ma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya rage a je da shi kotu a rubuta abin da ya sani yanzu, da sunansa da sa hannunsa. Ina roƙonka, Edita, ka sa wakilanku na Sakkwato da Gusau su nemi ofishin jakadancin Italiya ya ba da jerin takardun da yake buƙata daga masu irin wannan nema, ku buga shi da Hausa, a kuma karanta a gidajen rediyo, domin yawancin iyayen da abin ya shafa a ƙauyukan Mafara da Maradun da Bakura rediyo suke saurare.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Sakkwato.